Tarihin gasar harbi da ƙaramar bindiga, da dalilin da ya sa ba ta tsiro a ƙasar maharba ba

Yau za mu taɓa tarihin wani abu da mutane da yawa ba su son ko jin sunansa a wannan zamani, wato bindiga.

Ba laifinsu ba ne. Tun 2019 da dubban ƴan'uwanmu suka tsallako iyaka daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, har aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Cadakori, in aka ce "ƴan bindiga" ba abin da ke faɗo wa mutum a rai sai masu kore shanu da masu ɗauke mutane don kuɗin fansa. Alhali shekara 150 baya, sunan wani rukuni ne na dakarun sarki, masu shugaba da matsayi a fada. To in na ce muku akwai ƙasashe sama da 100 inda harbi da ƙaramar bindiga wasa ne, da alƙali da maki da kofi, kamar yadda muke da kokowar neman takobi, wani zai ce wannan kuma wane irin wasa ne? Ni tambayar da ta fi damuna ita ce, mu da muke jikokin maharba, me ya hana irin wannan gasa tsirowa a wurinmu?

Mu fara da gida. Bayan jihadin Shehu, sarakunan Katsina da aka kora sun zo sun kafa Maraɗi a ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Gobirawa kuma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836 inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi nasara, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda suka kwanta dama, sun sake haɗa kansu a Tsibiri a hannun Mayaƙi. Waɗannan garuruwa biyu sun yi shekaru da dama suna kai hari, ana kawo musu. Masu doki da lifidi su ne ake wa kirari, amma yawancin rundunar ƴan ƙasa ne, talakawa, kowa da bakansa da kwarinsa. Maharbi na wancan lokaci abu uku ake nema gare shi. Kibiyarsa ta sami inda ya nufa. Ta yi aiki in ta samu, shi ya sa ake shafa mata dafin kwankwani. Sannan ya iya zaro ta biyu daga kwari kafin mahayi ya iso kansa. Ku riƙe waɗannan uku, za mu sake gamuwa da su a inda ba ku zata ba.

Bindiga ta shigo, amma ta daɗe ba ta kori baka ba. Bindigar lokacin ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a tura harsashi, a danna da sanda, kafin ka gama mai baka ya saki kibiya da yawa. Wanda ya ɗauki lamarin da gaske shi ne Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya tara dubban bindigogi, har ana haɗa albarushi da zuba igwa a cikin birninsa. Da an bar mu a kan wannan hanya, Allah kaɗai ya san inda maƙeranmu za su kai.

Sai aka yi wani zama a birnin Burusal a 1890, inda ƙasashen Turai suka sa hannu a kan yarjejeniyar da suka ce ta hana cinikin bayi ce. A cikinta aka ja layi biyu a taswirar Afirka, ɗaya can arewa cikin Sahara, ɗaya can kudu, aka ce duk ƙasar da ke tsakani ba za a sayar wa mutanenta bindigar zamani ba. Abin da aka yarda a sayar musu shi ne tsohuwar bindiga mai ƙanƙara da albarushi na gama-gari. Ƙasarmu tana tsakiyar layukan nan. Shekara tara bayan haka mutanenmu suka ga bambancin da idonsu, lokacin da ayarin Kaftin Voulet da Chanoine ya ratso daga Birnin Ƙonni ya nufo gabas yana ƙone garuruwa. Ranar 14 ga Yuli 1899, a Dankori, Voulet ya sa aka harbe Kanal Klobb da Faransa ta aiko ya tsayar da shi, kuma cikin kwana uku sojojinsu suka kashe su biyun a wajejen Maijirgi, nan kusa da Tasawa. Daga nan har aka sami ƴancin kai a 1960, bindiga mai kyau ta gwamnati ce, ƙaramar bindiga kuwa ta ƙugun kwamanda ce. Maharbi aka bar shi da harba-ruga. Wanda ba a yarda ya riƙe abu ba, yaya za a yi ya mayar da shi wasa?

Can a Amurka kuwa, inda farar hula ke da damar mallakar bindiga, labarin ya bi wata hanya. A shekarun 1950, a wani gari na kan tudu a jihar Kaliforniya mai suna Big Bear, wani tsohon hafsan soja, Jeff Cooper, ya riƙa shirya gasar saurin zaro bindiga daga ƙugu. Kowa na kwaikwayon finafinan kaboyi: hannu ɗaya, harbi daga ƙugu, ba saiti. Ana ta ƙara, balan-balan ɗin da ake bara yana nan tsaye. Sai wani ɗan sanda, Jack Weaver, ya zo da abin da ya saɓa wa al'adar wurin. Ya kama bindigar da hannu biyu, ya ɗaga ta daidai ido, ya ɓata ɗan lokaci kaɗan ya yi saiti. A 1959 ya cinye gasar. Yau kusan duk ɗan sanda ko jandarma da kuka gani ana koya wa riƙon ƙaramar bindiga da hannu biyu, daga wannan fili abin ya bazu.

Gasar ta girma, aka yi ta duniya ta farko a Zurik ta ƙasar Suwis a 1975, Ray Chapman ɗan Amurka ya ci. A watan Mayu na 1976 aka taru a garin Kolumbiya na jihar Mizuri aka kafa ƙungiyar duniya da ake kira IPSC, Cooper ya zama shugabanta na farko. Taken da suka zaɓa kalmomi uku ne na Latin, ma'anarsu daidaito, ƙarfi da sauri. Kun ga ukun maharbin Tsibiri sun dawo ke nan. Bambancin kawai, namu a bakin maroƙa ake auna su, su kuma suka nemo yadda za a mayar da su lissafi.

Lissafin nan shi ne zuciyar wasan, don haka bari mu zauna a kansa. Ba irin harbin gasar Olamfik ba ne da mutum ke tsayawa wuri ɗaya ya fuskanci allo ɗaya. A nan ana shirya fili da shingaye da tagogi da lunguna, a jera alluna na kwali da faranta na ƙarfe, wasu ma suna lilo. Kowane zagaye da nasa tsari, ƙarami bai wuce harsashi 12 ba, matsakaici 24, babba 32. Ana ba ƴan wasa ƴan mintoci su zaga su duba, kowa ya tsara a ransa ta inda zai fara da inda zai canza gidan harsashi. Alƙali na tsaye a bayanka da wani ɗan agogo mai jin ƙarar harbi. In ya yi ƙara ka fara, harbinka na ƙarshe shi ne ƙarshen lokacinka.

Allon kwali an raba shi gida uku. Tsakiya maki 5 ne. Na biye da shi 4 ko 3, na gefe 2 ko 1. Galibi harbi biyu ake nema a kowane allo. Wanda ya kuskure, ban da rasa makin, za a cire masa 10. Akwai kuma alluna da ake cusawa tsakani waɗanda ba a yarda a taɓa ba, wanda ya huda ɗaya shi ma 10 ta tafi. Farantin ƙarfe kuwa sai ya faɗi ake ƙirga shi. A ƙarshe sai a raba makinka da daƙiƙoƙin da ka ɓata.

Ga misali. A ce alluna 6 ne, harsashi 12, cikakken maki 60. Na farko ya natsu, duka ya sa su a tsakiya, cikin daƙiƙa 12. An raba 60 da 12, ya sami 5. Na biyu ya yi sauri, ya gama a daƙiƙa 9, takwas a tsakiya, huɗu a gida na biyu mai maki 3, jimla 52. An raba da 9, ya sami kusan 5.8, ya doke mai natsuwa duk da bai kai shi iya saiti ba. Amma a ce cikin gaggawar nan ɗaya daga huɗun ya wuce ta iska. Makinsa ya koma 49, a cire 10, saura 39, a raba da 9, bai wuce 4.3 ba. Harsashi ɗaya ya mayar da shi baya. Wanda ya fi kowa a zagayen shi ke kwashe cikakken makin wurin, sauran a ba su gwargwadon kusancinsu da shi. Ni a ganina duk daɗin wasan a nan yake, kowa sai ya san iyakar saurin da idonsa zai iya bi.

To me ya kawo "4 ko 3"? Nan ne batun ƙarfi, wato dafin kibiya a sabon salo. Bindiga mai harsashi mai nauyi tana tunkuɗa hannu, tana da wuyar mayarwa kan saiti, don haka aka ga bai kamata a yi mata hukunci ɗaya da mai sauƙi ba. A lokacin gasa ana karɓar harsasan ɗan wasa, a auna nauyin ɗaya, a harba wasu ta cikin na'urar auna gudu, a ninka nauyi da gudu a fitar da lamba. Wanda bai kai 125 ba, makinsa ba ya shiga lissafi sam. Wanda ya kai 160 ko 170, gwargwadon rukuninsa, shi ne mai babban ƙarfi, shi ke cin 4 da 2. Harsashin milimita 9 da aka saba gani wurin jami'an tsaro, mai nauyin wajen giram 8, yawanci a ƙaramin ƙarfi yake faɗawa.

Kayan aiki kuwa, da farko kowa da abin da ya samu yake zuwa, akasari tsohuwar Colt 1911 ta sojan Amurka. Amma duk inda aka sa kofi, sai dabara ta shigo. Aka fara ƙara wa bakin bindiga wani ƙarfe mai huji da ke hana ta ɗagawa sama, sannan a 1990 Doug Koenig ya ci gasar duniya a Ostareliya da madubin saiti mai jan ɗigo. Abin ya zama tseren masu kuɗi, har dole aka raba rukuni. Akwai wanda aka sake wa kowa mara, akwai wanda sai bindigarka ta shiga wani akwati mai tsawon milimita 225 da faɗin 150 da kaurin 45, akwai kuma na bindigar da ta fito daga masana'anta ba a taɓa ta sosai ba, irin su Glock da CZ. Bafaranshe Eric Grauffel, wanda ya fara cin kofin duniya a 1999 ya kuma yi ta maimaitawa, ya ci a rukuni fiye da ɗaya, abin da ya rufe bakin masu cewa kayan ne ke harbi.

Afirka fa? Ta karɓi gasar duniya tun da wuri, amma ku dubi inda aka kai ta. A 1977 an yi ta a Salisbury ta Rodeshiya, wadda yau ake kira Harare, ana tsakiyar yaƙin ƙwatar ƴanci. A 1979 da 1981 an yi ta a Afirka ta Kudu, zamanin wariyar launin fata. Ma'ana, wuraren da tsirarun fararen fata ke riƙe da mulki da makami. Tsohuwar ƙa'idar nan ta wa aka yarda ya riƙe wace bindiga tana nan tana aiki, ko a filin wasa.

Akwai abu na huɗu da bai shiga taken ƙungiyar ba, kuma shi ya fi ba ni sha'awa. A filin gasa ba mai yawo da bindiga a ɗure. Ba ka sa harsashi sai alƙali ya ce ka sa. In bakin bindigarka ya juyo ya wuce gefe ya fara kallon baya inda jama'a suke, an kore ka. In yatsanka na kan kunama kana canza gidan harsashi, an kore ka. In ta suɓuce ta faɗi ƙasa kana cikin zagaye, ko ta tashi ba da nufinka ba, ko aka same ka a buge, an kore ka. Kuma kora ce daga gasar baki ɗaya, ko kai ne zakaran duniya, ko daga wace ƙasa ka biya kuɗin jirgi ka zo. In ka gama, sai ka cire gidan harsashi, ka buɗe ka nuna wa alƙali cikinta wayam, ka mayar da ita kube, sannan a ba mutane izinin shiga ƙirga maki. Maharbanmu ma suna da makamancin haka a hannun sarkin baka, wanda ke da ikon cewa yau ba a shiga daji, ko wane ba ya cikin farauta.

A Nijar ta yau farar hula ba ya riƙe ƙaramar bindiga sai da izinin hukuma, kuma tarihinmu na kusa duk na tattara makamai ne. An kafa hukumar karɓar haramtattun makamai a 1994, ranar 25 ga Satumba 2000 aka cinna wa tarin bindigogin tawaye wuta a Agadas, sannan rushewar Libiya a 2011 ta sake buɗe musu hanya. Bindigar gargajiya kuwa ta koma ta farauta da ta hawan salla, inda ake ɗura albarushi zalla don ƙara da hayaƙi a gaban sarki.

Wanda har yanzu akwai kwari ko tsohuwar bindigar kakansa rataye a ɗaki, ko garinsu na da sarkin baka mai rai, a Cadawa ne ko Gazawa ko ƙauyukan Tsibiri, ya ajiye mana bayani a ƙasa: yaya ake gane gwani a cikinsu, kuma wa ke da ikon karɓe makamin wanda ya yi ganganci? Allah ya zaunar da yankinmu lafiya.