Wa Ke Biyan Kuɗin Koyon Tuƙin Tirela?

A garejin manyan motoci na Potiskum ko na Mararrabar Jos, in aka tambayi tsohon direba makarantar da ya yi, sunan mutum zai ambata, wato ogan da ya yaye shi. Haka sana'ar ta taso tun lokacin da motocin katako ke kwaso gyaɗa daga ƙauyuka zuwa tashar jirgin ƙasa ta Kano, inda layin dogo ya iso a 1911.

Bayan yaƙin basasa harkar jirgi ta ja baya, kuɗin fetur ya shimfiɗa kwalta, kaya suka koma kan titi. Gwamnati ta sa jari a kamfanonin haɗa manyan motoci: Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Marsandi a Enugu. Mota ta samu gata. Wanda zai riƙe sitiyarinta kuwa, aka bar wa gareji renonsa.

Gareji kuma yana da tsarinsa. Yaro kan shiga a matsayin yaron mota, wanda ake wa laƙabi da karen mota. Shi ne wanki, shi ne ɗaure tamfol, shi ne dirowa da gudu ya sa weji in mota ta gaza a hawa, shi ne kwana ƙarƙashin bodi yana gadin lodi. Sai oga ya yaba da hankalinsa zai ba shi makulli ya ɗumama inji da asuba. Daga nan ya riƙa matsar da mota a layin lodi, ya koyi ribas, wanda shi ne ke raba direban tirela da ɗan koyo. Hawa babban titi sai an kwashe shekaru. Ƙarfin yaron shi ne kuɗin makarantarsa, ci da ɗan na kashewa suna fitowa daga aljihun oga, man da aka ƙona da kulocin da aka cinye kuma mai mota ne ke biya, sau da yawa ma bai san ya biya ba.

Tsarin ya yaye gwanaye, amma yaro na gadon oga da halinsa duka, har da gudu da tuƙin dare ba barci.

Hukuma ta shigo ne ta ƙofar doka. An kafa cibiyar fasahar sufuri ta Zariya a 1986, sai hukumar kiyaye haɗurra a 1988, Wole Soyinka na shugabantarta. Daga baya aka ce ba sabon lasin sai da takardar makarantar tuƙi da hukuma ta amince da ita. Sai dai yawancin makarantun ƙananan motoci gare su. Ajiye tirela don koyarwa kawai ba ƙaramin jari ba ne, ga shi dizal ya rabu da tallafi tun kafin a cire na fetur a 2023, shekarar da litar dizal ɗin ta haura naira 1,000. Shi ya sa sai mai babban aljihu ke iyawa, irin kamfanin Ɗangote da ya buɗe makarantar direbobinsa a Obajana.

A Birtaniya ƙarancin direbobi ne ya sa gwamnati buɗe lalita. A 2021 ƙungiyar masu manyan motoci ta ƙiyasta giɓin direbobi 100,000, gidajen mai suka ƙafe, aka fito da horo kyauta na har mako 16. A nan gida masu jiran sitiyari sun fi motocin yawa, don haka babu wannan matsin. Haɗari ne kan ta da maganar horon direbobi. Bayan gobarar tankar Majiya a Jigawa a 2024 da ta Dikko a Neja a farkon 2025, matakin da aka fi ji shi ne hana tankoki masu ɗaukar lita 60,000 yin lodi daga watan Maris na 2025.