Daga Kududdufi zuwa Tanki: Tarihin Tsare Ruwa da Kifi a Karkarar Arewacin Kano

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko ya ratsa Minjibir da Gezawa a 'yan shekarun nan, zai lura da wani abu da babu shi a da. A bayan gidaje da gefen gonaki ana ta gina tankunan siminti, wasu kuma na tamfol, ana zuba tarwaɗa. Da yawa daga masu wannan jari ma'aikata ne: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, da waɗanda suka yi ritaya suka koma gida da kuɗin sallama. Tanki ɗaya ake farawa da shi. In an ci riba a zubin farko sai a ƙara na biyu da na uku, a ninka yawan kifin. Daga nan ne labarin yakan juya: a kwanta lafiya, a wayi gari kifi ya taso saman ruwa ciki sama, jarin shekara ya tafi a dare guda.

Mai kiwo yakan ɗora laifin a kan iri, ko abinci, ko yaron da ke gadi. Amma ruwa ba ya tsami banza. Sau da yawa abin da ya faru shi ne an faɗaɗa wurin da ido ke gani, an bar wurin da ba a kallo yadda yake, wato ɗan ɗakin nan da ke bayan tanki inda famfo da janareta da bututu suke. Wannan kuskure yana da tarihi, a nan gida da kuma can ƙetare.

Ruwan da gini ya haifa

Arewacin Kano ba ƙasar manyan koguna ba ce. Damina wata huɗu ce zuwa biyar, sauran shekara rana da iska ne ke shanye abin da ya sauka. Rafukan yankin, irin su Jakara da Tomas da Gari, suna gudu da damina, su koma yashi da rani. Duk da haka mutanen wannan ƙasa sun san kifi, kuma hanyar da suka san shi ta biyo ta ginin ƙasa. Kowane gida na laka da aka ɗaga ya bar rami a inda aka haƙo ƙasarsa, ramin ya tara ruwan sama ya zama kududdufi. Haka abin yake a ƙauye, haka yake a birni. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya shigo Kano a 1851, ya ambaci ruwan Jakara da ke kwance a tsakiyar gari.

Kududdufi ba shi da famfo, ba shi da matata, amma yana raya kifi, domin aikin da injuna ke yi a yau halitta ce ke yin sa. Faɗin fuskar ruwan yana shaƙar iska. Gansakuka da kainuwa suna zuƙe dattin da kifi ya fitar. Lakar ƙasa tana narkar da abin da ya nutse. Sannan kifin kaɗan ne in aka gwada da yawan ruwan. Irin kifin da ke jure wannan zama ma zaɓaɓɓu ne. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a saman gwaiwar numfashinta da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye idan ruwa ya lalace. Gaiwa kuwa huhu gare ta. In ruwa ya ƙafe sai ta shige laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta kwanta har damina ta dawo, tana rayuwa da abin da jikinta ya tara. Daga nan Bahaushe ya samo zancen gaiwa mai cin jikinta.

Akwai kuma ƙa'ida. A wurare da dama ba a shiga babban tafki da koma sai ranar da aka sa, idan ruwa ya ja baya, a yi su na gayya da izinin mai gari ko sarkin ruwa. Wannan hani shi ne ya ba kifi damar girma da hayayyafa.

Ƙasar da ba ta zubar da komai

A 1965 Michael Mortimore da abokin aikinsa Wilson suka wallafa bincikensu a Jami'ar Ahmadu Bello kan yankin da ke kewaye da birnin Kano, inda jama'a suka yi cunkoso a kan gonaki. Abin da ya ba masana mamaki shi ne ana noma fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar kowace shekara, ba a barin saura ta huta, amma ba ta mutu ba. Sirrin yana kan bayan jaki. Da rani jakuna kan shiga birni da itace, su fito da mangala cike da taki. Kara da harawa su ciyar da awaki da tumaki a turke, kashinsu ya koma gona. Tokar murhu da sharar tsakar gida duk gona suke nufa. Manomin wannan yanki ya daɗe da gane cewa in fili ya yi kaɗan, baki ya yi yawa, dole dattin wani ya zama abincin wani. Mai karatu ya riƙe wannan, domin shi ne ainihin ilimin da tankin kifi ke bukata.

Zamanin madatsun ruwa

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, kuma gwamnanta na farko, Audu Bako, wanda ya yi mulki har 1975, ya ɗauki tare ruwa a matsayin babban aikinsa. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970, wanda ya tsananta a 1973, ya nuna cewa yana da hujja. Aka gina Bagauda, aka kammala Tiga a 1974. A arewa da arewa maso yamma aka tare Tomas a ƙasar Ɗambatta, Jakara a Wasai ta ƙasar Minjibir, da Gari, da Watari a Bagwai, a tsakanin shekarun 1970 da farkon 1980. Karon farko ke nan da manomin gero da gyaɗa ya ga ruwa kwance a kusa da shi tun daga kaka har bazara. Masunta suka taho daga wasu wurare da kwalekwale da raga, 'ya'yan manoma suka koyi sana'ar, ƙarfasa ta shiga miyar gidajen da a da sai busasshen kifi suka sani.

Sai dai madatsa ta koyar da darasi biyu masu ɗaci. Na farko, ruwan da aka tare a nan an hana wani ne a can: dausayin Haɗeja da Nguru ya ragu bayan Tiga, ya ƙara raguwa bayan Challawa a 1992, kachala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman shinkafa na can suka ji a jikinsu. Na biyu, tsayayyen ruwa yana tara duk abin da aka zuba masa. Rafin Jakara ya ratso birni ya kwaso ruwan kwatami, ya haɗu da Getsi mai ɗauke da na masana'antun Bompai, duka suka zube a Wasai. Madatsa kududdufi ce babba, amma an ɗora mata kayan da ya fi ƙarfin lakarta.

Abin da masu akwatin gilashi suka gano

A daidai ƙarnin da Barth ke yawo a Kano, wasu mutane a Turai suna fama da wannan tambaya a cikin ɗakunansu: yaya za a raya halittar ruwa a ɗan ƙaramin mazubi? A 1832 wata Bafaransiya, Jeanne Villepreux-Power, ta ƙera akwatunan gilashi a Messina don nazarin halittun teku. A 1846 wata mata a Landan, Anna Thynne, ta kawo murjani mai rai daga gaɓar teku ta ajiye a gidanta. Da ɗauko ruwan teku ya yi mata wuya, sai ta sa mai aikinta tana sheƙa ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan a bakin taga kullum, don ya sha iska. Murjanin ya rayu shekaru. A iya cewa wannan baiwar Allah mai sheƙa ruwa ita ce ɗakin injin farko a tarihin wannan sha'awa.

A 1850 masanin sinadarai Robert Warington ya nuna cewa kifi da tsiron ruwa da dodon koɗi za su iya riƙe juna a mazubi ɗaya. A 1853 gidan namun dajin Landan ya buɗe ɗakin kifi ga jama'a, a 1854 Philip Henry Gosse ya fitar da littafin da ya yaɗa abin, har ya zama yayi a gidajen masu hali. Yayin bai daɗe ba, domin yawancin akwatunan sun zama ruwa mai wari. Wanda ya gano bakin zaren shi ne William Alford Lloyd. A gidan kifin da ya tsara a Crystal Palace, wanda aka buɗe a 1871, ruwan da 'yan kallo ke gani kaɗan ne. Mafi yawansa yana ɓoye a manyan rumbunan ruwa a ƙarƙashin ƙasa, cikin duhu, injuna na juya shi dare da rana. Dalilin nasarar bai fito sarari ba sai wajen 1890, lokacin da Sergei Winogradsky ya bayyana ƙwayoyin bakteriyar da ke mayar da amoniya zuwa wani sinadari, sannan zuwa wani wanda gubarsa ba ta kai ta farko ba.

Masu kiwon murjani a gida a yau jikokin Lloyd ne. Tun daga tsarin da masu sha'awar abin suka kyautata a Balin a shekarun 1970, duk wanda ya ƙware ya san cewa akwatin da ke falo ado ne, rayuwar tana wani tanki na biyu a ƙasa ko a ɗakin baya, inda matata da famfo da ma'aunai suke. Idan zai ƙara girman akwati, daga can yake fara gyara.

Tarwaɗa ta shigo gida

Kiwon kifi na gwamnati ya fara a Arewa da gonar kifi ta Panyam a ƙasar Filato a 1951, daga baya aka yi ta Bagauda a Kano. Amma abin da ya kawo kifi bayan gida shi ne gano yadda ake sa tarwaɗa ta yi ƙwai da allura, aikin da aka yi a Afirka ta Tsakiya da Holan a shekarun 1970 da 1980. Da iri ya samu, abincin buhu ya shigo kasuwa, rijiyar burtsatse ta yawaita, sai Najeriya ta zama kan gaba a duniya wajen kiwon wannan kifi. Masu gasa kifi da dare da dillalan Kasuwar Galadima suka zama masu jiran kaya.

Juriyar tarwaɗa ita ce albarkar sana'ar, ita ce kuma tarkonta. Da yake tana shaƙar iska, ba ta nuna wahala da wuri, sai mai ita ya ɗauka ruwansa lafiya lau. Alhali wani ɓangare na duk abincin da aka watsa yana komawa amoniya, gubar amoniya kuma tana ƙaruwa da zafin ruwa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da ruwa ya fi zafi kuma ya fi ƙarancin iskar numfashi, a lokacin ne rijiya ke ja baya. Tankin siminti ba shi da laka, ba shi da kainuwa, ba shi da faɗi. Duk aikin da kududdufi ke yi kyauta ya dawo wuyan famfo. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, kowace sa'a ta janareta ta zama abin lissafi, kuma mutum yakan fara rage canjin ruwa kafin ya rage kifi.

Gyara daga baya ake faro shi

Wanda ke shirin faɗaɗa kiwonsa yana da hanya biyu. Ta farko ita ce ya ci gaba da zubar da tsohon ruwa yana jawo sabo. Wannan tana da sauƙi, amma a ƙasar da gida ke jingine da gida, ruwan da burtsatsensa ke zuƙa daga tushe ɗaya yake da rijiyar maƙwabci, wanda ya zubar kuma yana kwanciya a lungu ya tara sauro. Ta biyu ita ce ya juya ruwan: ya ratsa wurin da datti ke kwanciya, ya bi ta matatar da bakteriya ke zaune, ya sha iska, ya koma tanki. Wannan tana tsimin ruwa, amma ba ta yafe ɗaukewar wuta, kuma sabuwar matata tana bukatar makonni kafin ƙwayoyinta su kafu. Wanda ya cika tanki da kifi ranar da ya haɗa ta ya maimaita kuskuren mutanen Landan na 1850 da 'yan kai.

Kowace aka zaɓa, tsarin kashe kuɗi ɗaya ne. A fara sanin yawan ruwan da rijiya ke bayarwa a ƙarshen rani, ba a tsakiyar damina ba. A yi babban tankin ajiya a sama, wanda sola za ta cika da rana, ruwa ya gangaro da kansa da dare. A ajiye famfo na biyu. A sa magudana a ƙasan tanki yadda datti zai fita ba tare da an kwashe ruwan duka ba. A ɗaga wayoyin wuta daga inda ruwa ke fantsama. A mallaki abin gwajin amoniya, a riƙa rubuta abin da ya nuna. Bayan duk wannan ne ake maganar tanki na uku.

Saura tambayar inda tsohon ruwa zai tafi, kuma amsarta ba daga Balin za ta zo ba. Ruwan da ya zama guba ga tarwaɗa taki ne ga zogale da alayyafo da tumatir da ayaba. Wanda ya ja shi da ɗan bututu zuwa lambu a bayan katanga ya mayar wa tankinsa lakar da siminti ya raba shi da ita, ya kuma yi abin da kakansa ya yi da jaki da mangala a kan hanyar birni.