Hukuncin yin inshorar tafiya ga mai yawon buɗe ido a jirgin ruwa

Tambaya

Ni ɗan kasuwa ne a Zuru, Jihar Kebbi. Ɗana ya biya mana, ni da mahaifiyarsa, kuɗin tafiyar mako guda a babban jirgin ruwa da zai tsaya a Italiya da Faransa. An ce ba za a ba mu biza ba sai da inshorar tafiya, kuma an nuna mana iri-iri: ta lafiya, ta ɓatan kaya, da ta fasa tafiya. Wacce ta halatta mu zaɓa?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah.

Inshorar kasuwanci, wadda mutum ke biyan kamfani wani kuɗi sananne domin a biya shi diyya idan abu ya same shi, mafi yawan malaman wannan zamani sun haramta ta. Dalilinsu shi ne garari, wato rashin sanin abin da ake saye: mai biya bai san ko zai karɓi wani abu ba, kamfanin ma bai san nawa zai fitar ba. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya hana cinikin garari. Akwai kuma riba idan aka karɓi kuɗin da ya fi wanda aka bayar. A kan haka Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa ta tsaya a zamanta na Jidda a 1985. Sheikh Mustafa Zarƙa ya halatta ta, sai dai ra'ayin majalisar ya fi ƙarfin hujja. Mas'alar ma tun asali daga teku ta taso, domin Ibn Abidin, malamin Hanafiyya da ya rasu a 1836, ya yi magana ne kan kuɗin da fatake ke biya don lamunin kayansu a jiragen ruwa.

Abin da majalisar ta halatta shi ne inshorar taimakekeniya, wato takaful. Mahalarta suna zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar kyauta, a taimaki wanda masifa ta samu, kamfani kuwa wakili ne mai ladan aiki. Malamai suna kafa hujja da yabon da Annabi (SAW) ya yi wa Ash'ariyyawa, masu tara guzurinsu wuri guda su raba daidai idan abinci ya yi ƙaranci.

Don haka ka fara neman takaful. Hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma akwai kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. Ka tambaye su ko suna da tsarin tafiya wanda ofishin jakadancin ke karɓa, domin bizar Schengen tana sharɗanta lamunin jinya da bai gaza Yuro 30,000 ba, har da kuɗin maido da mara lafiya ko gawa gida.

Idan ba ka samu ba, babu laifi a kanka ka ɗauki ta kasuwanci, tunda sharaɗi ne da aka ɗora maka. Amma lalura gwargwadonta ake ɗauka, sai ka tsaya a kan ta lafiya kaɗai. A nan ya kamata ka natsu ka karanta takardar. Likitan cikin jirgi ba kyauta yake duba mutum ba, kuma ɗauke mara lafiya daga tsakiyar teku zuwa asibiti yana da tsada ƙwarai, don haka ka tabbatar lamunin ya ƙunshi zama a jirgin ruwa, ba a tudu kawai ba. Idan ɗayanku yana da hawan jini ko ciwon suga, ku bayyana shi. Ɓoye shi yaudara ce, kuma dalili ne da kamfani zai ƙi biya.

Ta ɓatan kaya da ta fasa tafiya kuwa, ba wanda ya tilasta muku su, don haka ku bar su sai in ta hanyar takaful ce.

Idan rashin lafiya ta auku, malamai sun saɓa kan karɓar abin da ya haura kuɗin da kuka biya. Wasu sun ce a tsaya a kan adadin, wasu sun halatta jinyar duka ga wanda aka tilasta wa shiga. Ra'ayi na biyu ya fi kusa ga wanda ba shi da halin biyan asibiti a ƙasar da ba tasa ba.

Allah ne mafi sani.