Yadda Doki Ya Tsaya a Kan Yatsa Ɗaya

Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah ya ga doki yana sukuwa, amma kaɗan ne suka san cewa wannan dabba da farcen yatsa ɗaya take taka ƙasa. Kofato farce ne. Abin da muke kira gwiwar ƙafar gaba kuwa, shi ne daidai da wuyan hannun ɗan Adam. Yadda masana suka gano haka tarihi ne mai tsawo, kuma akwai darasi a cikinsa ga duk mai riƙe da alƙalami.

Za mu fara da Galileo, masanin nan na ƙasar Italiya. A littafinsa na ƙarshe da aka buga a birnin Leiden na Holan a shekarar 1638, ya kawo wani lissafi mai sauƙi. Idan aka ninka tsawon dabba da faɗinta da tsayinta sau biyu, nauyinta zai ninku sau takwas, amma kaurin ƙashinta, wanda shi ne ke ɗaukar nauyin, sau huɗu kawai zai ninku. Ke nan girma yana da tsada. Saboda haka ne, in ji shi, ƙaramin kare zai iya ɗaukar karnuka biyu ko uku irinsa a bayansa, alhali doki ba zai iya ɗaukar ɗan'uwansa ko guda ba. Wannan lissafi ne ya sa ƙafafun giwa suke miƙe kamar ginshiƙai, kuma duk saurinta ba ta iya ɗage su gaba ɗaya daga ƙasa.

Bayan shekara ɗari biyu, a 1841, Richard Owen na Ingila ya yi bayanin wani ƙoƙon kai da ya zama dutse wanda aka tono a ƙasarsu. Ya ga yana kama da na rema, sai ya raɗa masa sunan Hyracotherium, wato dabba mai kama da rema. Bai kawo doki a ransa ba. Sai a 1876 ne al'amarin ya fito fili, lokacin da Thomas Huxley ya ziyarci Othniel Marsh a Jami'ar Yale ta Amurka. Marsh ya tara ƙasusuwa masu ɗimbin yawa daga yammacin ƙasar, ya jera su daga na dā zuwa na baya-bayan nan. Huxley ya je da ra'ayin cewa asalin doki daga Turai ne, amma da ya ga jerin sai ya sauya. A shekarar ce Marsh ya ba wata ƙaramar dabba daga cikinsu sunan Eohippus, wato dokin alfijir.

Ga abin da ƙasusuwan suka nuna. Kimanin shekara miliyan 55 da suka wuce, Eohippus bai fi kare girma ba. Yana da yatsu huɗu a ƙafar gaba, uku a ta baya, yana yawo cikin kurmi yana cin ganye mai taushi. Zuwa kimanin shekara miliyan 35, Mesohippus ya ƙara tsayi, yatsunsa sun koma uku a kowace ƙafa. Da ƙasa ta ƙara bushewa, kurmi ya ja baya, fili mai ciyawa ya yawaita, sai ga Merychippus kimanin shekara miliyan 17, da dogayen turame masu jure cin ciyawa mai haɗe da ƙura. A fili kuwa babu maɓoya, sai gudu. Jiki ya ƙara nauyi, ƙafa ta ƙara tsawo, yatsan tsakiya ya yi kauri ya karɓi nauyin, na gefe suka shanye. Dokinmu na yau, wanda masana ke kira Equus, ya bayyana kimanin shekara miliyan huɗu da suka wuce, kuma har yanzu akwai ƙananan ƙasusuwa biyu manne da ƙwaurinsa, ragowar yatsun nan.

Hikimar wannan halitta ita ce, tsoka ta taru a sama wajen cinya da kafaɗa, ƙasa kuwa ƙashi ne da dogayen jijiyoyi masu miƙewa su dawo kamar roba. Ƙafa mara nauyi ta fi saurin lilo. Amma kowane allazi da nasa amanu: dabbar da ta kai kilo 500 tana dogara ne da ƙwauri siriri, shi ya sa karayar doki ke da wuyar ɗori.

Jerin Marsh ya shiga littattafan makaranta kamar tsani, mataki bayan mataki. A 1951 George Simpson ya nuna cewa ya fi kama da itace mai rassa barkatai. An yi zamanin da dawaki iri-iri suke kiwo tare, wasu ma ƙanƙancewa suka yi, kuma yawancin rassan sun mutu. Doki da jaki da jakin dawa su ne suka rage.

Saura batun sukuwa. Shekaru aru-aru masu zane a Turai suna zana doki a sama, ƙafafun gaba sun miƙe gaba, na baya sun miƙe baya. A 1878 Eadweard Muybridge ya jera kyamarori goma sha biyu a gonar Leland Stanford da ke Kaliforniya, ya ɗauki doki yana gudu. Hotunan suka nuna lallai akwai lokacin da ƙafafu huɗun ke barin ƙasa, amma a dunƙule suke a ƙarƙashin ciki. Ashe kowane mai zane na gabansa yake kwaikwayo, ba dokin ba.

To, 'yan'uwa marubuta, gani ya kori ji. Mai son siffanta ingarma a fagen fama, ko dodo mai tsawon rimi, ya tuna cewa jiki yana da ƙa'ida, kuma girma yana sauya tafiya. Kafin mu kwafi siffar da muka tarar a littafin wani, mu je bakin turke mu zuba ido.