Daga Wuri Zuwa Kwabo: Tsoffin Kuɗi da Darajarsu a Kazaure da Kewayenta

Manufar wannan lacca ita ce a bi diddigin irin kuɗin da aka yi ciniki da su a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, sa'an nan a nuna yadda ake gane darajar waɗanda suka rage a tsoffin tukwane da adakokin gidaje, don kada magada su rabu da su a kan rashin sani.

Lokacin da Ɗantunku ya kafa masarautar Kazaure a wajejen 1819, wuri ne kuɗin ƙasar Hausa. Ana ƙirga shi da zangu da zambar, wuri 20,000 kuma shi ne keso ɗaya. Saboda nauyinsa, fatake suka fi son liyar, watau dalar azurfa ta Mariya Tareza, wadda aka fara bugawa a ƙasar Ostiriya. Da Dokta Barth ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canjin dala ɗaya a kan wuri 2,500. A nan akwai abin lura ga mai sayarwa: an ci gaba da buga liyar har cikin ƙarni na ashirin da shekarar nan ɗaya tak, 1780, a jikinta. Saboda haka shekarar ba ta nuna tsufa. Yawanci darajar liyar tana ga azurfarta ne, domin nauyinta wajen giram 28, kashi 83 cikin ɗari kuwa azurfa ce.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sai suka hana shigo da wuri a 1904, suka kuma nemi a riƙa biyan haraji da kuɗinsu. A 1907 aka fara buga kwabo da anini masu huda, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci. Anini goma ke yin kwabo, kwabo goma sha biyu ke yin sule. Rabin kwabo kuwa aka kira shi ɗari, sunan da ya gada daga ƙirgan wuri. An kafa Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma a 1912, ta fitar da taro da sisi da sule da fataka na azurfa a 1913, daidai lokacin da jirgin ƙasa ya buɗe cinikin gyaɗa a Kano. Gyaɗa da haraji su ne suka shigar da sule kasuwannin ƙauye. Babura kuwa, da yake tana bakin iyaka, ta san tamma da dala na Faransa ma.

Da azurfa ta yi tsada, sai aka koma buga sule da tagulla a 1920. Jama'a suka ɓoye na azurfa, maƙeran fari suka narkar da da yawa suka ƙera zobba da mundaye. Shi ya sa sulen 1913 zuwa 1919 wanda ya tsira da lafiyarsa yake da wuyar samu. Babban Bankin Nijeriya ya fitar da nasa kuɗin a 1959, naira da kwabo kuma suka gaje su ranar 1 ga Janairu, 1973.

Masana suna duba abu uku kafin su yanka wa tsohon kuɗi farashi. Na farko, shekara da ɗan harafin da ke nuna ma'aikatar da ta buga shi, kamar H ko KN, dukansu na Birmingham a Ingila. Na biyu, ƙarancinsa. Alal misali, kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas yana jan hankali don bai cika shekara a gadon sarauta ba, amma an buga shi da yawa, saboda haka ba shi da tsada ƙwarai. Na uku, lafiyar jikinsa, watau ko zane da rubutu sun shafe don yawan shiga hannu. Ma'aunin da William Sheldon na Amurka ya tsara a 1949 ya tashi daga 1 zuwa 70, kuma tsakanin kwabon da ya siɗe da wanda bai taɓa shiga kasuwa ba akwai rata mai nisa a farashi.

Babbar ɓarnar da masu gado ke yi ita ce goge kuɗin da toka ko lemun tsami don su yi ƙyalli, alhali kuwa gugar tana kankare fuskar ƙarfen, ta karya darajarsa. Wata ɓarnar ita ce a kai wa maƙeri taron kuɗin gaba ɗaya ya auna a sikeli. Abin da ya kamata shi ne a ware na azurfa da na tagulla, a jera su shekara shekara, a ji ta bakin mai saye fiye da ɗaya. Kafin su bar gida kuma, a rubuta sunan wanda ya tara su, da sana'arsa, da inda aka same su. Mai saye ƙarfen kaɗai zai tafi da shi, wannan takarda kuwa ita za ta amfani masu nazarin tarihin kasuwanci da haraji na ƙasar Kazaure.