Cinikin Ɗanyen Icce a Bakin Dajin Rugu

Turmin da ke tsakar gidanmu a Batsari ya girme ni. Na ƙirya ne, taɓarya ta cinye bakinsa ta gefe guda, amma har yau bai tsage ba. Kakana na wajen uwa ya sassaƙa shi. Ina yaro na taɓa tambayarsa nawa ya sayi iccen, sai ya ajiye gizago ya yi dariya, ya ce, "Kai ɗan nan, a zamanin wa ke sayen icce? Gaisuwa ake yi." Bai rasu ba sai da ya ga ana taya guntun ƙirya kamar yadda ake taya akuya.

Wanda bai tashi gidan masassaƙa ba zai yi mamakin yadda suke nacewa a kan ɗanye. Kafinta busasshen katako yake so, masassaƙi kuwa a wurinsa busasshen icce wahala ce. Ƙirya in ta bushe sai ta koma kamar dutse, ta dakushe bakin gizago kafin azahar, ta bar mutum da kanta a tafin hannu. In tana da ruwanta kuwa, ɓanɓaroki ke tashi manya-manya, har ka ji ƙanshinta. Karin maganar nan da ake yi wa iyaye, cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, a gidanmu ba ta tarbiyya ba ce kawai, lissafin abincin gobe ne. Shi ya sa cinikin ke da gaggawa. Icce in ya faɗi, kwanakinsa ƙidayayyu ne, balle da hunturu, lokacin da iska ke tsotse shi ya dare tun daga kai.

Kowane icce da aikinsa. Ƙirya da kaɗanya na turmi ne. Marke, da yake ba ya karyewa da wuri, shi ake nema don taɓarya da ƙotar gatari. Danya tana da laushi, ita ke ba da akushi da ƙoshiya, a bi su da jan ƙarfe a baƙanta. Aduwa ta allo ce, alilliba ta makaɗa. Duk waɗannan a da Rugu ke ba da su, dajin da ya kwanta yamma da Batsari da Safana, ya bi ta Ɗanmusa ya shige Zamfara.

Abin da tsofaffi suka fi sani, matasa suka manta, shi ne yaƙi ya reni dajin nan. Bayan jihadi ya ci Birnin Katsina a wajajen 1807, sarakunan Haɓe suka koma arewa suka kafa Maraɗi, daga can suka riƙa kawo hari. Yammacin Katsina ya zama hanyar mayaƙa. Ƙauyuka suka watse, mutane suka takure cikin garuruwa masu ganuwa irin su Ruma, garin da ake tunawa da jarumtar Ɗanwaire. Gonar da aka gudu aka bari sai ta koma kurmi. Da Turawa suka shigo Katsina a 1903 hare-haren suka lafa, jama'a suka fito suna saran sababbin gonaki, suka tarar da itatuwan da gatari ya yi shekaru bai taɓa ba. A kan wannan gado kakannin kakana suka ci abinci.

Gaisuwar da kakana yake faɗa kuwa tana da tsari. Masassaƙi ya je wurin mai gari da goro, ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai wata ƙirya a bakin rafi." In an ba shi, ya san a cikin turamen da za su fito akwai na gidan mai gari. Kafin ya ɗaga gatari sai ya zagaya gindin, ya ƙwanƙwasa da bayan gatarin ya saurara, don mai kogo amonsa daban yake. Sannan ya yi 'yan tofe-tofensa, saboda an ɗauka manyan itatuwa suna da masu su. Kakana mai sallah ne a kan lokaci, amma ban taɓa ganin ya kusanci tsohuwar tsamiya da gatari ba, kuma bai taɓa yarda ya gaya mini dalili ba.

Ba a ɗauko gungume a kawo gida. A can ake kwana biyu ko uku, a datsa, a fafe, a rage nauyi yadda jaki zai iya ɗaukar biyu. A gida ake ƙarasawa. Sai a jera su a inuwa, a rufe da ɓanɓarokin da suka fita daga jikinsu, a shafa musu man kaɗe, su sha iska a hankali. Turmin da aka bar wa rana, wata guda ya yi yawa.

Takarda ce ta fara sa wa icce farashi. Dokar daji ta 1916 ta buɗe hanyar keɓe gandun daji, daga baya En'e ta riƙa kula da nata, ta sa malaman daji. Yankin Ruma da Kukar Jangarai ya shiga cikin wuraren da aka keɓe, kuma daga baya aka yi wa makiyaya aikin madatsun ruwa a wajajen Runka. Masassaƙi ya wayi gari yana biyan kuɗin izini kafin ya sari babban icce, in an kama shi babu takarda a ƙwace gatari a ci shi tara. Daga nan manomi ya gane cewa ƙiryar da ke tsakiyar gonarsa, wadda ke hana gero haske, dukiya ce.

Haka cinikin icce a tsaye ya samo asali, kuma ban san cinikin da ya fi shi kasada ba. Kana sayen abin da ba ka ga cikinsa ba. A tsaya a gindi, masassaƙi ya rungumi iccen ya ƙiyasta turame nawa zai fitar, ya taya, mai gona ya ce albarka, a ja a ja har a sallama. Rassa na mai gona ne, ganye na awakinsa. Na raka kawuna irin wannan ciniki wani ƙauye kusa da Zakka. Ya ƙwanƙwasa, amo ya yi masa daɗi, ya biya har da la'adar dillali. Da iccen ya faɗi sai ga gara ta cinye zuciyarsa tun daga tsayin mutum zuwa sama. Kawu ya ce, "Malam, ai ka san da wannan." Mai gonar ya ce, "Wallahi ni da kai duk bayansa muka gani." Turmi ɗaya ya fita da 'yan kujerun tsugunno. A hanya kawu bai ce da ni uffan ba har muka iso gida.

Farin 1973 ya kashe itatuwa da yawa a tsaye, na 1984 ya ƙara. Amma a ganina ba fari ne ya gama da ƙirya ba. Injin yankan icce ne da buhun gawayi. Da can maƙera kaɗai ke ƙona ƙirya, su ma daidai aikinsu. Da birni ya koma girki da gawayi, manyan motoci suka fara shiga daji, iccen da zai ba da turame huɗu masu shekara hamsin a tsakar gida ya koma toka cikin mako guda. Masassaƙi ba zai iya taya abin da mai gawayi ke tayawa ba, don shi sai ya yi aikin wata kafin kuɗinsa su dawo. Madobiya ma ta ga ta kanta a faɗin ƙasar nan lokacin da 'yan kasuwar Sin suka buɗe mata baki, har aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido daga 2017. Ta ɗaya gefen kuma injin niƙa ya rage wa turmi aiki, kwano da roba suka kori akushi daga gaban maigida.

Sai kuma dajin ya sake komawa hannun masu makami. Wanda ya ji harin da aka kai Tsauwa da Ɗankar a watan Fabrairun 2020 ba ya bukatar a gaya masa kada ya je Rugu da jaki da gatari. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motoci ɗauko icce daga daji, cikin matakan tsaro da suka haɗa da hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin. Masassaƙan da na sani suka koma sayen bedi da mangwaro a bayan gari, wani lokaci ma a cikin gidan mutum in zai yi gini. Bedi yana sassaƙuwa, amma matan gida sun ce sabon turminsa sai an daka dusa sau da yawa kafin ɗacin ya fita.

Wasu da suka kutsa cikin dajin suna cewa inda injin yankan icce ya daina zuwa marke ya fara tasowa. Ƙirya ba ta da wannan saurin, wanda ya bar ta a gona jikansa ke sassaƙa ta. Ranar kasuwar da ta wuce na bi ta layin masu turmi, can bayan masu rogo, na ɗaga guda bakwai ɗaya bayan ɗaya ina jin nauyinsu. Shida na bedi ne, na bakwai na mangwaro.