Asalin Kalma: Zindiƙi

A zaurukan karatu na Jos, ɗalibin da ke biya Risala a gaban malam yakan ci karo da kalmar zindiƙi. Marubucin Risala, Ibn Abi Zaid, ya bayyana zindiƙi da mai ɓoye kafirci yana nuna Musulunci. Daga Larabci muka aro kalmar, su kuma Larabawa daga tsohon Farisanci: "zandik", mai bin "zand", wato sharhin littafin Majusawa.

Mabiya Mani, wanda aka haifa a Iraƙi a shekarar 216, su aka fi laƙaba wa sunan. Sun yi imani da asali biyu, haske da duhu, suna cewa ruhi haske ne da ya maƙale a jiki, sani ne zai kuɓutar da shi. Zaɓaɓɓunsu ba sa cin nama, ba giya, ba aure. Halifa Mahadi na Abbasiyawa (775–785) har jami'i ya naɗa don farautarsu.

Yau Bahaushe na cewa zindiƙai da zindiƙanci ga duk wanda yake zargi da gurɓata aƙida. Tuhuma ce mai nauyi, kuma a garin da ya san tsadar zaman lafiya, bai kamata a jefi mutum da ita don saɓanin fahimta ba.